Zaman Iyali: Gidan Da Ka Biya Kuɗinsa, Amma Ba Naka Ba Ne

A cikin wannan fili mun saba zance a kan renon yara, da zaman miji da mata, da yadda za a riƙe kuɗin cefane har ƙarshen wata. Wannan karo za mu juya wajen tsofaffi. Za mu kuma yi doguwar tafiya, har ƙasar Niyu Zilan, tsibiran nan da ke kudu maso gabas da Ostareliya, inda rana take fito musu sa'ad da take faɗuwa a wurinmu. Mai karatu ya yi haƙuri ya biyo mu, gama akwai abin da za mu ɗauko a can mu komo da shi gida.

A can akwai wani irin mazauni da ake gina wa tsofaffi su kaɗai, mu ce masa unguwar tsofaffi. Ba asibiti ba ne, ba kuwa gidan gajiyayyu ba. Unguwa ce sosai, da ƙananan gidaje a jere, da lambu, da zauren taro, wani wuri har da ɗakin sujada da wurin iyo. Mutum ya kai shekara 70 ko kusa da haka, 'ya'ya sun yi aure sun watse, babban gida ya yi masa yawa, shara da gyaran rufi sun fi ƙarfinsa. Sai ya sayar da gidan, ya kwashi kuɗin ya biya wa kansa da matarsa ƙaramin gida a unguwar tsofaffi. Can ba ruwansa da yankan ciyawa ko gyaran famfo. In ya faɗi da tsakar dare akwai ƙararrawar da zai danna a zo. Ga kuma tsararraki abokan hira. Manyan unguwanni da yawa suna da sashen jinya a gefe, domin ran da ƙarfi ya ƙare ba sai an kai mutum nesa ba.

Kada mu yi saurin cewa 'ya'yansu ne suka yashe su. Da yawa su ne suka zaɓa da kansu, in an tambaye su kuma sukan ce suna jin daɗin zaman. Mutanen ƙasar duka miliyan 5 ne da 'yan kai, amma fiye da 50,000 suna zaune a irin waɗannan unguwanni. In aka gwada da yawan waɗanda suka kai shekara 75, wajen mutum ɗaya cikin bakwai ke nan.

Asalin abin kuwa aikin ekklesiyoyi ne da ƙungiyoyin taimako. A 1954 Ekklesiyar Angilikan ta buɗe unguwar Selwyn a birnin Auckland saboda tsofaffin da ba su da wurin zama na kirki. Daga baya 'yan kasuwa suka ga akwai riba. Kamfanin Ryman ya soma a birnin Christchurch a 1984, waɗansu suka biyo baya, har ya zama manyan kamfanoni ne suke riƙe da mafi yawan gidajen, ana sayar da hannun jarin waɗansunsu a kasuwa kamar na kamfanin siminti. Ba mu ce riba laifi ce ba. Amma sa'ad da dattijo mai shekara 80 ya zauna a gefe ɗaya na tebur, kamfani da lauyoyinsa suna ɗaya gefen, lalle ana bukatar na uku da zai tsaya tsakani.

Ga inda gizo yake saƙar. Tsohon nan da ya ba da kuɗin gidansa kaf, yawanci ba gida ya saya ba. Izinin zama ya saya. Fili da gini na kamfani ne, shi kuwa an yardar masa ya zauna muddin ransa. Ba shi da ikon sayar da gidan ga wanda ya ga dama, ba zai sa ɗan haya ba, ba zai bar wa 'ya'yansa shi gado ba. Ran da ya fita, ko ya rasu, izini ya ƙare. Kamfani zai mayar masa da kuɗinsa, ko ya ba magadansa, amma ba duka ba. Akan cire kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, wai ladan kula da unguwa ne da aka jinkirta karɓa. Wannan kashi yana taruwa ne cikin 'yan shekarun farko na zaman, in ya cika ya tsaya.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce wata gwauruwa ta biya dala 600,000 ta ƙasarsu, ta zauna shekara 8, ta rasu. In kashi 30 ne a takardarta, za a cire 180,000, magada su karɓi 420,000. Cikin shekarun nan kuwa gidaje sun yi tsada, kamfani ya ba sabon mai shiga wannan gida a kan 800,000. Ƙarin 200,000 ɗin nan na wa ne? A yawancin yarjejeniyoyi na kamfani ne, ko anini ba ya zuwa wurin magada. Ban da wannan, duk shekarun zamanta tana biyan kuɗin hidima mako mako, na harajin fili, da inshora, da albashin ma'aikata, da gyaran lambu.

Wani zai ce wannan zalunci ne tsantsa. Kamfanoni sukan amsa cewa da wannan kashi ne suke gina zaure da sashen jinya, suke sabunta gida bayan kowane mai fita, kuma kuɗin shiga bai kai na sayen gida irinsa a cikin gari ba. A ganinmu ciniki ne, mutum kuwa yana da iko ya yi cinikin da ya ga dama da kuɗin guminsa. Abin tambaya shi ne ko ya san abin da ya saya, da kuma wanda zai tsaya masa ran da al'amari ya ɓaci.

Saboda wannan hukumar nazarin dokoki ta ƙasar ta ba da rahoto a 1999, majalisa ta kafa dokar unguwannin tsofaffi a 2003, ta soma aiki sosai a 2007, aka kuma bi ta da ƙa'idojin aiki na 2008 waɗanda kowane mai unguwa tilas ya kiyaye.

Ƙofar shiga dai dokar ta tsare ta da kyau. Tilas a yi wa kowace unguwa rajista a wurin gwamnati. Kafin tsoho ya sa hannu, tilas a ba shi takardar bayani wadda ta faɗi wanda ya mallaki unguwar, da bashin da ke kanta, da kuɗin da zai biya, da abin da zai komo masa in ya fita. Sa'an nan tilas ya kai yarjejeniyar wurin lauya nasa na kansa, ba na kamfani ba. Lauyan ne zai shaidi sa hannun, shi ma ya sa nasa hannu cewa ya bayyana wa mutumin ma'anar takardar da abin da za ta jawo, da harshen da zai gane. Bayan wannan duka akwai kwana 15 na aiki, watau wajen mako uku, na sake tunani. Cikin kwanakin nan kuɗin ba ya shiga hannun kamfani, yana ajiye wurin wani amintacce. In tsoho ya kwana ya tashi ya ji zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya rubuta ya ce ya fasa, ba sai ya faɗi dalili ba, a mayar masa da kuɗinsa. Wannan wuri ya gamshe mu ƙwarai. Mu nawa ne muka taɓa dangwala yatsa a takardar da ba wanda ya karanta mana, don kunyar kada a ce ba mu yarda da mutum ba?

Zaman ciki ma an yi masa shinge. Kusan kowace unguwa tana da mai sa ido, wani kamfani dabam mai lasin daga hukuma, wanda aikinsa shi ne ya riƙa duba littattafan kuɗin unguwar a madadin mazauna, ya ba su rahoto a taron shekara, in ya ga alamar karyewa ya tsawata tun da wuri. A kan takardar mallakar filin kuma akan rubuta shaida cewa nan unguwar tsofaffi ce. Amfanin wannan shaida babba ne. In kamfani ya ci bashin banki ya kāsa biya, banki ba shi da iko ya kori mazauna, ko ya soke izininsu, ko ya yayyanka unguwar ya sayar. Sai dai ya sayar da ita ɗungum, tana nan a matsayin unguwar tsofaffi. Ba a kauce wa wannan sai an ba mazauna duka shawarar lauya, kashi 90 cikin ɗari nasu kuma sun yarda a rubuce.

Mai unguwa kansa ba ya korar mutum don ya ga dama. Dalilan da aka yardar masa kaɗan ne: mutum ya karya yarjejeniya ƙwarai ya ƙi gyarawa, ko ya bar gidan ya tafi abinsa, ko ya yi mummunar ɓarna ko ya cuci wani, ko kuwa likita ya shaida cewa lafiyarsa ba ta bar shi ya zauna a wurin ba tare da hatsari ba. A kowanne kuma sai an ba da sanarwa a rubuce. A ƙarshen dokar an jera hakkokin mazauni cikin magana mai sauƙi: a yi masa hidimar da aka alkawarta, a sanar da shi abin da ya shafe shi, a nemi shawararsa kafin a sāke hidima ko a ƙara kuɗi, a saurari ƙararsa, a bar shi ya zo da wanda zai tsaya masa a wurin magana, a yi masa ladabi, kada kuma a ci da guminsa. An kuma tuna masa shi ma ya girmama maƙwabta da ma'aikata.

Da mun tsaya nan da mai karatu ya ce, to, ai magana ta ƙare. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma ba a san rufi ba sai an yi ruwa.

Ran 22 ga Fabrairu 2011 girgizar ƙasa ta auka wa birnin Christchurch, mutum 185 suka mutu. Waɗansu unguwannin tsofaffi a gabashin birnin suka lalace, aka kuma ce ƙasar wurin ba ta sāke ginuwa. Tsofaffi suka fito da 'yan kayansu a hannu. Da aka buɗe takardunsu sai aka tarar waɗansu yarjejeniyoyi ba su bambanta wanda ya fita don kansa da wanda gida ya rushe masa ba. Watau kamfani yana iya cire kashinsa kamar kullum, ya miƙa wa tsoho saura. Sauran nan kuwa ba ya isa ya biya wani gida a wata unguwa, gama farashi ya riga ya wuce na ran da ya shiga. Mutum mai shekara 85, ba gida, ba ƙarfin aiki, banki kuma ba ya ba irinsa rance. Lauya ya karanta masa takarda tun farko, gaskiya ne, amma wa yake tunanin girgizar ƙasa ran da yake murnar tarewa? Aka yi ta kuka har aka gyara ƙa'idojin a 2013. Daga lokacin, in unguwa ta rushe ba laifin mazauni ba, aka kuma ce ba za a sāke ginawa ba, tilas a mayar masa da kuɗin da ya biya cif, ba a cire kashin nan ba.

Girgizar ƙasa ba kullum take zuwa ba. Abin da yake zuwa kullum shi ne ranar fita, nan ne kuwa dokar 2003 ta fi rauni. Ba ta yanka wa kamfani ranar da zai biya ba. A yawancin yarjejeniyoyi kuɗin tsoho ba ya fitowa sai an sami sabon mai shiga ya biya nasa. Kamfani ne yake neman mai shigan, shi ne yake gyaran gidan, shi ne yake sa farashi. In kasuwar gidaje tana ci, wata uku ko huɗu an gama. In ta yi sanyi, sai a shekara ana jira, wani ma ya fi haka. Ƙa'idojin 2008 kuma sun bar kamfani ya ci gaba da karɓar kuɗin mako a kan gidan da ba kowa a ciki, sai bayan wata 6 ne tilas ya rage rabi. Sai bayan wata 9 mutum yake da iko ya kai ƙarar jinkirin.

Mai karatu ya duba wanda wannan jira yake ci. Tsohuwa ce da ta faɗi ta karye a ƙugu, aka ce sai gidan jinya, gidan jinya yana neman kuɗi kowane mako, dukiyarta duka kuwa tana kulle a gidan da ta bari. Ko kuwa 'ya'ya ne da suka binne uba, suna biyan kuɗin lambun da ba zai sāke gani ba. Ko tsoho ne da ya ga zaman bai karɓe shi ba, yana so ya koma kusa da 'yarsa a wani gari, amma ya lissafa abin da zai rage masa da lokacin da zai jira, sai ya haƙura ya zauna. Ba wanda ya kulle masa ƙofa, amma fita ta gagara. Akwai kuma ƙaramar magana mai ciwo: murhu da na'urar ɗumama ɗaki na kamfani ne, amma a waɗansu unguwanni in sun lalace mazauni ne yake biyan gyara. Gaskiya ne waɗansu kamfanoni sun daina karɓar kuɗin mako daga ranar fita, waɗansu suna biyan ruwa a kan kuɗin in jira ya yi tsawo. Amma alheri ne suka yi don kansu, abin da aka ba ka don alheri kuwa ba ka da bakin nemansa a wurin wanda bai ga dama ba.

Hanyar ƙara ma ba ta da sauƙi ga mai furfura. Za ka fara da manajan unguwa, yana da kwana 20 na aiki ya warware. In bai yiwu ba a kai wa mai sa ido, daga nan masu sulhu, daga nan kwamitin yanke gardama. Kamfani ne yake naɗa kwamitin daga cikin sunayen da hukuma ta amince da su, shi ne kuma yake biyansu. Ƙararrakin da suka kai can kaɗan ne ƙwarai. Ba mu yi mamaki ba. Wanda kake ƙara shi ne zai aiko maka da ma'aikaciya in ka faɗi a makewayi gobe. Tsoho yakan auna wannan, ya haɗiye maganarsa.

Mazauna dai ba su yi shiru duka ba. Sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, suna rubuce-rubuce, suna zuwa gaban majalisa. Jane Wrightson, wadda take riƙe da ofishin kwamishinan sha'anin ritaya a lokacin, ta ba da rahoto a 2021 cewa dokar tana bukatar a sāke dubanta tun daga tushe. Ma'aikatar gidaje ta nemi ra'ayin jama'a a 2023. Maƙwabtansu na Ostareliya ma sun riga su: jihar Queensland ta yi doka a 2017 cewa in wata 18 ya cika ba a sami mai shiga ba, kamfani ya biya daga aljihunsa. A watan Disamba 2025 gwamnatin Niyu Zilan ta sanar da abin da take nufin kai wa majalisa: a biya mai fita kafin wata 12 ya wuce, a sa masa ruwa a kan kuɗinsa bayan wata 6, kuɗin mako ya tsaya ran da ya fita, kamfani ya gyara kayan da yake nasa, a kuma kafa wurin kai ƙara wanda ba ya hannun kamfani. Sai dai an ce wa'adin biyan zai shafi masu sa hannu nan gaba ne. Waɗanda suka yi shekaru suna wannan kuka, da yawansu ba za su ci moriyarsa ba.

To, mu komo gida. Ba mu da irin waɗannan unguwanni a garuruwanmu, amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da tsofaffin da suka zuba kuɗinsu a ginin da ba nasu ba. Baba ya sayar da gona a ƙauye, ya ba ɗansa kuɗin ya ƙara masa ɗaki biyu a filinsa na birni, don ya ƙarasa kwanakinsa kusa da jikoki. Takardar fili da sunan ɗan take. Muddin ɗan yana da rai, zumunci kuma yana nan, lafiya lau. In ɗan ya riga uban mutuwa fa? In ya ci bashi ya jinginar da gidan? In zama ya ƙi daɗi tsakanin Mama da surukarta, tsofaffin suna so su koma ƙauye, gona kuwa ta riga ta tafi? Haka kuma mai bisharar da ya yi shekara 30 a gidan ekklesiya, ya ƙara ɗaki da kuɗinsa, ya sa kwano, ya haƙa rijiya, ran da ya huta daga aiki, ko ran da ya rasu ya bar matarsa, sabon ma'aikaci yana jiran mabuɗi.

Mun sani da nauyi uba ya ce wa ɗansa, "Rubuta mini." Saboda haka muna ganin ɗan ne ya kamata ya fara ta da maganar, ko kuwa dattawan ekklesiya in gidan nata ne. A zauna gaban mai unguwa da shaidu biyu daga dangi, a rubuta nawa tsoho ya zuba, a rubuta cewa shi da matarsa za su zauna muddin ransu ko da gidan ya sāke hannu, a rubuta abin da za a mayar musu in sun tashi, da watan da za a biya. A karanta musu da harshensu, a bar su su kwana a kan maganar kafin su sa hannu. In akwai hali a kai wa lauya ya duba. Kowa ya riƙe kofi ɗaya, ɗaya kuma a ajiye wurin wanda ba shi da rabo a gidan.

Wanda ya taɓa ganin irin wannan a danginsa, ko ta daɗi ko ta wuya, ya rubuto mana. Ba za mu buga suna ko gari ba.